Kwalin Faifai da Rezar Baffa

Makon jiya na kai motata wurin bakanike a Daɗin Kowa, nan Jos. Ina zaune a kan benci ina jira, sai na ji wani sauti daga bayan rumfa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali kamar ana fasa gyaɗa. Ban ko waiwaya ba na san abin da ake yi. An ɗora kwali a bakin ƙarfe ana bubbuga shi da ƙaramar guduma don a fitar da gaskit, wato abin nan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe a injin don kada mai ko ruwa ya yi yoyo. Warin baƙin mai ya biyo iska ya same ni, nan take shayin da ke hannuna ya fita raina. Na ajiye kofin na ce wa mai garejin zan dawo da yamma. Ya ɗauka sauri nake yi. Ba sauri ba ne, Baffana na tuna, ni kuwa in na tuna Baffa ba na iya haɗiye komai.

Bari in gaya maka tun yanzu, kada ka gyara zama kana jiran inda zan ce ashe dattijon alheri ya nufe ni da shi. Ba za ka ji wannan daga bakina ba. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, duk shekara ina kai masa buhun shinkafa da azumi, kuma in na je ina durƙusawa har ƙasa. Wannan haƙƙi ne, ina sauke shi. Amma ƙauna ba a rubuta ta a cikin haƙƙin ba.

Babana direban babbar mota ne. Yana ɗaukar dankali da kabeji da tumatir daga Jos ya kai kudu, in zai dawo kuma wasu direbobi su sayo atamfa da manja, shi ya sayo faifan garmaho. Har lokacin da kaset ya cika gari, abokansa suna yi masa dariya suna cewa ya maƙale a zamanin da, bai daina ba. Ranar da yake gida, bayan la'asar, yakan zare faifan daga kwalinsa, ya hure shi, ya ɗora, sa'an nan ya jingina kwalin da bango daidai inda zai riƙa kallonsa. Ban san me ya sa yake yin haka ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ina ɗan shekara goma sha uku motarsa ta faɗi a hanya cikin damina, aka kawo mana shi a rufe.

Da Inna ta fita takaba muka tattara muka koma gidan Baffa, yayan babana, a Dilimi. Ni ne ɗan fari, sai ƙannena mata biyu. Baffa bakaniken manyan motoci ne, garejinsa a ƙofar gida yake, ƙasar wurin baƙa wuluk saboda mai. Mutum ne mai hannun jarirai, ƙusa in ta lanƙwashe ba ya yar da ita, sai ya miƙar da ita ya jefa a gwangwani. A wurinsa kowane abu a duniya iri biyu ne, wanda zai yi aiki a mota da wanda ba zai yi ba. Garmahon bai yi sati a gidan ba Baffa ya rabu da shi. Faya-fayen kuwa yaran gida suka ɗebe, suna gara su a lungu suna yin sitiyari da su, har suka ƙare a kwata. Abin da ya rage kwalayen ne, ashirin da 'yan kai, a cikin wani akwatin katako a ƙarƙashin gadon Inna. Ba wanda ya kula da su, shi ya sa suka zama nawa.

Ka san markar Jos. Ruwa ya wuni yana tsiyaya, wani lokaci har da ƙanƙara tana dukan kwano kamar ana jifa, sanyi ya shiga ƙashi, bango ya yi gumi. A irin waɗannan ranaku nakan ja akwatin zuwa bakin ƙofa inda akwai haske, in lulluɓa da bargo, in fito da su ɗaya bayan ɗaya. Suna warin tsohuwar takarda da ɗan warin taba. Akwai mai hoton wasu maza bakwai da wanduna masu faɗin ƙafa, sun jeru a kan wani dutse suna harare-harare. Akwai mai jirgin ƙasa da ya fito daga bakin kakaki. Akwai wanda ba komai a kansa sai jar da'ira a tsakiyar baƙi, na fi wata guda ina jin haushinsa kafin na fara sonsa. Waƙoƙin da ke ciki na manta yawancinsu, wasu ma ban san yarensu ba. Ni dai bayan kwalin ya ishe ni.

Amma akwai guda ɗaya da ya fi su duka, shi ne wanda babana ya fi jinginawa da bango. Fuskar wata mace ce ta cika kwalin. Gashinta ya zubo ta gefe, yana sauka yana zama kogi, a cikin kogin ga ɗan kwalekwale da mutum ɗaya a tsaye. Ba ta murmushi. Idonta na hagu yana cikin inuwa, na dama kuwa yana kallonka duk inda ka koma a ɗakin.

Wata Asabar na sa shi a cikin riga na taka har Anguwan Rukuba, wurin wani ɗan kabilar Ibo da babana yake sayen allurar garmaho a shagonsa. Ya koma sayar da kaset a lokacin. Na je ne in tambaye shi ko matar tana raye. Sai da ya goge hannunsa a wando tukuna ya karɓa, abin da ban taɓa ganin wani babba ya yi wa kwalin ba.

“Kai yaro, wannan ba foto ba ne,” in ji shi da irin Hausarsa. “Mutum ne ya zauna ya yi shi da hannu. Zo nan, duba kumatun. Wane kala ka gani?”

Na duba na ce kore.

“Ka taɓa ganin mutum kore?”

“A'a, oga.”

“To ka ce ƙarya ne ya yi?”

Na sake dubawa. Ba ƙarya ba ne. Fuskar ta fi ta mutanen da ke wucewa a titi kama da ta mutum. Na ce masa a'a.

“To shi ne aikin,” ya ce, ya miƙo mini, ya juya wurin mai sayen kaset.

Maganar ke nan gaba ɗaya, amma a hanyar komawa gida idona ya zama wani iri. Na ga kore a ƙarƙashin haɓar mai tallan masa, na ga shuɗi a inuwar duwatsu, na ga ashe baƙin man garejin Baffa ma in ruwa ya taɓa shi launi bakwai yake fitarwa. Na tara 'yan kuɗin tara na sayi fensir mai launi, na fara kwaikwayon matar a bayan littafin lissafi. Gashi ya yi, kogi ya yi, kwalekwale ya yi. Idon dama ne ya ƙi. Na zana shi ya fi sau talatin, kullum sai ya fito kamar idon kifi a tire. Na sa a raina ba zan huta ba sai na gano abin da mai zanen ya yi.

Ana cikin haka ranar ta zo. Wata mota ɗauke da tumatir ta tsaya a garejin, famfon ruwanta yana yoyo, direba yana ta safa da marwa don kayan ba sa jira. Baffa ya shigo cikin gida yana neman kwali. Ya duba na sukari ya ce ya yi laushi, ya duba na sabulu ya ce ruwa zai ci shi. Sai ya gan ni a bakin ƙofa da akwati a buɗe. Ya sunkuya ya ɗauki mai maza bakwai ɗin nan. Bai kalli hoton ba, wallahi ko sau ɗaya. Ya murza gefen da babban yatsa, ya lanƙwasa ya saki, ya gyaɗa kai.

“Ashe akwai irin wannan a gidan nan ake ɓoyewa.”

Daga nan idonsa ya faɗa kan littafina. Ya ɗaga ya daɗe yana dubawa, ya dubi kwalin matar, ya sake duban zanena. A wautata na zaci zai ce wani abu mai daɗi.

“Kai ka yi wannan?” Na ce e. “Ba ka ɗora a kai ka bi ba?” Na ce a'a. Ya ce, “To taso. Hannun da ke bin layi haka bai kamata ya zauna yana zanen mata ba.”

Yaransa na gareji da guduma suke fitar da gaskit, sau da yawa kuma su yage kwalin ko ramin ƙusa ya kauce. Baffa ya nuna mini wata hanyar. A shafa baƙin mai a fuskar ƙarfen, a danna kwalin a kai ta farin gefen, siffar ta fito, sa'an nan a bi ta da reza. Ya miƙo mini sabuwar reza daga aljihunsa. Na tsaya riƙe da ita. Direba yana kallona, yaran gareji suna kallona. Na yanka. Rezar ta bi ta wuyan mutum na uku, ta fito ta gwiwar na biyar. Aka ɗaura, aka tayar da mota, ko ɗigo bai zubo ba. Baffa ya ce wa direban, “Ka gani? Ɗan ƙanena ne.” Wannan ne yabo na farko da na taɓa samu a kan hannuna, kuma har yau in na tuna shi sai in ji kamar in tofar da yawu.

Daga ranar akwatin ya koma garejin. Ka lura, bai ƙwace ya ba yaransa ba, da hakan ya fi mini sauƙi. Ni yake aikowa a kira. In dawo daga makaranta, ko tuwo ban ci ba, sai in ji, “Ina mai zanen nan?” In fito, a miƙo mini ƙarfe da reza, in zaɓi wanda zan kashe yau. Jirgin ƙasa ya tafi a murfin giyar wata mota. Mai jar da'irar nan da na sha wahala kafin na so shi ya tafi a motar wani mai ɗaukar shanu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, “Baffa, na babana ne.” Ya ce, “Babanka ƙanena ne, tun kafin a san za a haife ka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.” Na rasa abin da ya hango a cikin famfon ruwa, amma na ɗauki rezar, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Guda ɗaya na hana shi. Tun daren farko na zare matar daga akwatin. Na daɗe ina tunanin inda zan ɓoye ta, sai dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Na sa ta a ƙasan adakar Inna, ƙarƙashin zannuwanta. Wane namiji ne zai buɗe adakar matar ƙanensa? Inna tana gani na sa, ba ta ce komai ba, ta ci gaba da tsince shinkafa. Na ɗauki shirun nan a matsayin alkawari.

A nan na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa. Na manta ko ni wane ne a wurinta. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “kai” ne ko “yaron nan”. Ba ta zama kusa da ni in da mutane, ba ta yabona, in an dake ni a gabanta sai ta kau da kai ta shiga ɗaki. Haka aka tarbiyyantar da ita, kunyar ɗan fari, kuma mata suna yaba mata a kan haka. Da a ce kwalin na autarmu ne, na rantse da sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ta magiya har Baffa ya gaji. Da a ce na tura shi a saman rufi, ko na kai wa mai shagon kaset ajiya, da yanzu yana rataye a ɗakina. Sai na kai shi wurin mutum ɗaya tak a duniya da al'ada ta ɗaure wa baki a kaina.

Damina ta wuce, aka shiga sanyi, akwatin ya ƙare. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, muna shan ɗumi a tsakar gida, Baffa ya shigo da famfon ruwa a hannu. Ya tsaya nesa da ƙofar Inna kamar yadda ya dace, ya yi sallama, suka gaisa.

“Na ƙirga kwalayen nan tun ranar farko,” ya ce. “Akwai mai hoton mace. Yana wurinki?”

Ina tsaye tsakaninsu. Na kafe ta da ido. Ba sai ta yi ƙarya ba, da ta ce “a bar wa yaron” ya isa, kalma huɗu. Matan gida sun daina abin da suke yi suna saurare. Inna ta gyara mayafinta, ta dubi ƙasa, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka. Ta fito ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu, ba ta kalli inda nake ba.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni na yi da duka biyun, na kuma haɗa da matan da suka ce, “Kai, baiwar Allah nan akwai kunya.”

A garejin Baffa ya shafa wa ƙarfen mai ya miƙo mini. Famfon ruwa yana da babban rami a tsakiya, zagayayye, abin da aka yanke daga nan shara ne, ba ya shiga mota. Na juya baya kamar ina neman haske, na cire fil daga aljihun rigar makaranta, na huda ɗan ƙaramin rami a gefen idon dama don in gane wurin ta baya. Na daidaita ramin famfon a kansa, na danna. Sa'an nan na yanka. Rezar ta raba kogin biyu, ta cire kwalekwalen, ta bi ta bakinta. Ban taɓa yin yanka mai kyau irin na ranar ba. Da'irar ta faɗo ƙasa, na taka ta da silifa har aka gama ɗauri, na sunkuya kamar ina sosa ƙafa na ɗauke.

A bayan gida na duba ta. Da yake babu sauran fuskar, sai na ga abin da na kasa gani wata da watanni. Farin idon ba fari ba ne, toka-toka ne da ɗan shuɗi. Farin gaske ɗigo ɗaya ne tak, ƙarami kamar ƙwayar acca, kuma ba a tsakiya yake ba, a gefe. Na zana shi a ranar, ya fito. Na zauna da ido mai rai a bayan littafin lissafi, ba fuskar da zan sa shi a ciki. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kawo babana.

Yau zane ne sana'ata. Ina da shago, ina yin allunan shaguna da hotunan bango, matasa suna zuwa koyo. Waƙa kuwa ta koma cikin waya. Hoton da ke tare da ita bai fi farcen yatsa ba, 'yata takan ture shi da yatsa kafin in ce mata tsaya in gani. Na sha neman hoton matar nan, ban san sunan mawaƙin ba, mai shagon kaset ya bar gari tuntuni, ba wanda zan tambaya. Da'irar tana cikin walat ɗina, ta yi laushi, gefenta da tabon mai.

Inna ta rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba. Da aka buɗe adakarta, a ƙasan zannuwa aka sami tsohon littafin lissafina, an naɗe shi a ɗankwali. Na riƙe shi na daɗe. Ya sassauta mini wani abu, amma bai dawo da kwalekwalen ba, kuma ni 'yar farina sunanta nake kira da ƙarfi a gaban kowa, wanda ya ga rashin kunya ne ya kau da kai.

Baffa yana nan a Dilimi, ya tsufa, ido ya yi rauni, garejin ya koma hannun 'ya'yansa, su kuwa gaskit a leda suke saye. In baƙi suka zo yakan nuna ni da sanda ya ce shi ya fara gane hannuna, shi ya koya mini bin layi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya yake yi ba. Da azumin bana, bayan na sauke buhun, na ciro da'irar na sa masa a tafin hannu. Shekara da shekaru ina shirya abin da zan faɗa. Na ce, “Baffa, ka tuna wannan?”

Ya kawo ta kusa da fuska, idon yana kallonsa, shi bai gan shi ba. Ya murza gefen da babban yatsa, ya lanƙwasa ya saki.

“Kwali mai kyau,” ya ce. “Yanzu ba a yin irinsa. Akwai saura?”

Na karɓe abina na mayar cikin walat. Na ce masa babu, ya ƙare. Na yi masa sai an jima, na fita.